Faladiyam: wace takarda zan saya, kuma da wane ruwa zan fito da hoton?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayena da yayyena.

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna a Kano, da ita nake ci. Amma akwai hotunan da nake ɗauka don kaina, ba don wani ya biya ba: tsofaffin zaurukan cikin gari, katangar Gidan Makama da hantsi, dattawan da ke zama a bakin marinar Ƙofar Mata. Su nake so in buga da faladiyam, wani ƙarfe mai daraja da ake buga hoto da shi, da hannuna, a kan takardar da za ta daɗe ko bayan ba ni.

Wani abokina da ke karatu a Amurka ya taho mini da ferik okzalet (sinadarin ƙarfe mai jin haske, wanda ake haɗawa da faladiyam a shafa a takarda), da ruwan faladiyam mililita 25, da 'yar kwalbar Na2 (ruwan ƙara bambancin fari da baƙi). Takarda da ruwan fito da hoto bai samu ɗaukowa ba saboda nauyin kaya. Dodon hoton da firinta nake bugawa a kan ledar Pictorico, inci 5 da 7, in haɗa shi da takardar a ƙarƙashin gilashi in kai rana.

Na gwada da takardar masu zanen fentin ruwa da na saya a Sabon Gari, mai kauri, an rubuta a jikinta auduga ce kuma babu asid a ciki. Ruwan fitarwar kuwa ɗan fotasiyam okzalet ne da aka sam mini. Hoto ya fito, amma baƙin bai kai baƙi ba, sararin sama ya yi dabbare-dabbare, bayan 'yan kwanaki kuma gefen da ya kamata ya zauna fari sai ya koma ruwan ɗorawa.

Abokin nan zai sake zuwa bayan salla, ya ce zai iya riƙo mini fakiti ɗaya na takarda da sinadari kaɗan. Kowane ɗigon faladiyam ina jin sa a aljihuna, ba ni da halin gwada komai da komai. Tsakanin Arches Platine da Bergger COT 320 da Hahnemühle Platinum Rag, wacce zan ce ya saya? Ruwan fitarwa kuma, fotasiyam okzalet ko amoniyam sitiret? Burina katangar ƙasa ta fito ruwan makuba yadda take, amma farar rigar dattijo da rawaninsa su fito fari tas. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Hoto, Kaduna:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi ƙoƙari, kuma hannunka ba shi da laifi a nan. Takardar ce ba ta wannan aikin ba.

Rubutun nan na cewa babu asid, shi ne ya kamata mai faladiyam ya tsaya a kansa. Masu yin takardar zane suna zuba alli a cikin kullun takardar don kada ta yi tsami ta lalace in ta tsufa. Ga mai fenti alheri ne. Ferik okzalet kuwa sai da ɗan tsami yake zama lafiya. Da ya taɓa alli, wani ɓangare na ƙarfen da ke cikinsa sai ya rikiɗe ya zama dangin tsatsa, wanda ba ya jin haske kuma ba ya fita da wanki. Ƙarfen da ya kamata rana ta taɓa shi ya jawo faladiyam ya kwanta a takarda ya ragu, shi ya sa baƙinka ya yi rauni. Allin bai bazu daidai ba, shi ya kawo dabbare-dabbare. Tsatsar da ta maƙale kuma ita ce ɗorawar da ka gani daga baya. Matsaloli ukun da ka lissafa kusan duk tushensu ɗaya.

Takardu ukun da ka ambata don irin wannan aikin aka yi su, auduga zalla, ba alli. Arches Platine ta Faransa ce, giram 310 a kowace murabba'in mita. COT 320 ma kamfanin Faransa ne ke da ita, nauyinta yana cikin sunanta. Platinum Rag ta Jamus ce, giram 300. Duk wadda ka ɗauka ba ka yi asara ba, na ga hotuna masu kyau a kan kowacce. Tunda dai sai na zaɓa maka, Platinum Rag zan ce. Fuskarta sumul take, tana shan maganin daidai ba ta tsotse shi can ciki ba, kuma a hannuna ita ta fi saurin sakin ƙarfe a wurin wanki. Ka ce ya sayo mai inci 11 da 15, fakitin 25. In ka raba kowacce biyu ka samu 50, kowane rabi ya ishi hoton 5 da 7 har da gefe mai faɗi. Da burushi, wannan girman yana cin kusan mililita 1 na haɗi, rabi ferik okzalet rabi faladiyam. Ka ga kwalbarka da fakitin kusan tare za su ƙare.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka ce a kawo maka biyar-biyar daga kowacce don ka gwada. Dodon da kake bugawa da firinta sai an daidaita duhunsa da takarda ɗaya da ruwan fitarwa ɗaya. Ka canza takarda, lokacin rana ya canza, yawan ɗigo ya canza, daidaiton da ka yi a kwamfuta ya tashi a banza. Mai faladiyam mililita 25 takarda ɗaya ya kamata ya sani har ya gane halinta da ido. Faladiyam ba ya da araha: yawancinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa, masu ƙera mota ne ke kwashe shi don tace hayaƙin salansa, a watan Maris na 2022 oza ɗaya ta haura dala 3,000. Ya sauko sosai tun lokacin, amma har yanzu ba abin gwaji barkatai ba ne.

Ruwan fitarwa, ni fotasiyam okzalet nake amfani da shi, kuma ruwan makubar da kake nema shi ne mai ba da shi. Giram 300 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, a ɗan ƙara okzalik asid don ya zauna da ɗan tsami. Yana da sauri, inuwa tana cika da shi, launin kuma ja-ja ne mai ɗumi. Amoniyam sitiret yana janye jan ya tura hoton wajen toka-toka. Ya dace da hoton ƙarfe ko gilashi ko gajimare, amma katangar ƙasa tana rasa ranta a cikinsa.

Akwai abin da bayanan Turawa ba su cika tunawa da mu a kansa ba. Lissafinsu a kan ɗaki mai digiri 20 yake, har sukan ɗumama okzalet zuwa digiri 40 ko fiye in suna son launi ya ƙara ja. Mu kuwa a watan Afrilu kwalbar da ke ajiye a kan kanta ta riga ta wuce 30 ba a sa mata wuta ba. Hoton da ka fitar da bazara zai fi na Janairu ja, bambancin fari da baƙinsa kuma zai ɗan yi laushi. Ka sayi ma'aunin zafi, ka zaɓi digiri ɗaya ka tsaya a kai, ko da sai ka tsoma kwalbar a bokitin ruwa kafin aiki.

Wajen zubawa, ka ajiye takardar a busasshen tire, ka kwara ruwan gaba ɗaya a lokaci guda ya rufe ta. Hoton nan take yake bayyana, in ruwan ya tsaya a rabi ko na daƙiƙa ɗaya layi zai fito kuma ba ya goguwa. Minti 2 ya isa. Ba a zubar da shi bayan aiki, ana mayarwa kwalba, a tace in ya yi gari a ƙasa, a ƙara sabo a kan abin da ya ragu. Nawa ya yi shekaru.

Sai laima. Faladiyam yana son iskar ɗaki ta kai kamar kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Da hunturu a Kano takan faɗi ƙasa da 20. A irin wannan bushewar maganin ba ya shiga takarda da kyau, kuma wuraren da suka fi duhu sukan juye su yi wani ƙyalli ruwan tagulla maimakon baƙi. Ka samu robar ajiye kaya mai murfi, ka zuba ruwan da aka narkar da gishirin girki a ciki har ya ƙi narkewa, ka ɗora raga a sama yadda takarda ba za ta taɓa ruwan ba. Iskar cikin robar takan tsaya wajen kashi 75. Takarda ta ɗan zauna a ciki kafin ka shafa, za ka ga bambanci a baƙin.

Malamar Kimiyya, Zariya:

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganar takarda ban da abin ƙarawa. A kan ruwan fitarwa ne nake neman a gafarce ni, ina da ja.

Ƙanena ya ce abu biyu yake so, makuba da farar riga. Baba ya amsa na farko. Na biyun ne okzalet yakan ba da matsala. William Willis, Baturen Ingila da ya yi rajistar buga hoto da filatinam (ƙarfe mai daraja, ɗan'uwan faladiyam) a 1873, da okzalet yake fito da filatinam. Da yaƙin duniya na ɗaya ya sa filatinam ya yi wuyar samu, kamfaninsa ya koma sayar da takardar faladiyam, bai ce a ci gaba da okzalet ba, sodiyam sitiret ya ce a yi amfani da shi. Dalilin a sinadarin yake. Faladiyam ya fi filatinam saurin kwanciya, a cikin okzalet yakan ɗan kwanta har a inda haske bai taɓa ba, musamman in takarda ta yi laima da yawa. Sai fari ya yi wani hazo-hazo siriri. A hoton katanga ba wanda zai lura. A rawanin dattijo za a gani.

Haɗin ba wuya: giram 200 na sodiyam sitiret da giram 20 na sitirik asid, a cika da tataccen ruwa zuwa lita ɗaya. Ka bar takardar a ciki minti 4 ko 5, ka kuma ɗan ƙara lokacin rana don bai kai okzalet sauri ba. Kada ka ji tsoron launi zai mutu. Faladiyam zalla ruwan ƙasa ne ko da me ka fito da shi, jan ne kawai ke raguwa, kuma sodiyam sitiret bai kai amoniyam sitiret sanyi ba. Ɗumin ɗakin da Baba ya ambata ma zai mayar maka da wani abu daga cikin jan. Aibinsa shi ne yana yin fumfuna in ya daɗe a ajiye, musamman da damina, don haka ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan.

Ga kuma maganar lafiya, wadda ita ta fi damuna. Fotasiyam okzalet guba ne, in ya shiga jiki ƙoda yake taɓawa. Ba a sa hannu a ciki ba safar roba, ba a shaƙar tururinsa in ya yi zafi, ba a ajiye shi a robar lemo ko ta ruwan sha a gidan da yara suke. Sitiret kuwa har a abinci ana sa shi kafin ya yi aiki, ko da yake bayan ya ɗauki ƙarfe da faladiyam shi ma sai a kulle shi. In wani ya ba ka shawarar zuba dayikuromet a ruwan fitarwa don ƙara bambancin fari da baƙi, ka bar shi. Yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma Na2 ɗin da ke hannunka yana yin wannan aikin. Da dodo na firinta ma ɗigo ɗaya na wanda aka sirka ya isa ya tsare maka fari. Ka dai tuna da faladiyam zalla yake aiki, in ka zuba ruwan filatinam na gargajiya a haɗin ba zai yi abin da kake so ba.

Ɗorawar nan kuma, ko da takarda mai kyau za ta iya dawowa in wanki bai yi ba. Me ka tsoma hoton a ciki bayan ka fito da shi? In ruwan burtsatse ne ko na rijiya, yawanci yana ɗauke da alli shi ma, zai kama ƙarfen ya ɗaure shi a cikin audugar. Daga ruwan fitarwa kai tsaye zuwa wanki mai tsami: EDTA mai sodiyam biyu (EDTA sinadari ne da ke kama ƙarfe ya fitar da shi), giram 50 a lita, minti 10. Sannan sodiyam salfayit, giram 25 a lita. Sannan EDTA mai sodiyam huɗu, shi ma giram 50. Tsarin da ke bin wannan jerin yana da dalili, mai sodiyam huɗun ba shi da tsami, in ka fara da shi ka ɗaure ƙarfen da kanka. Bayan nan ne ruwan famfo zai shigo, rabin awa. Asid mai ƙarfi irin haidurokulorik wanda mutanen zamanin da suke wanke filatinam da shi yana cin faladiyam, ka nisance shi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ko a wurin manya. Hotunan faladiyam da Alfred Stieglitz, shahararren mai hoto na Amurka, ya yi wa mai zane Georgia O'Keeffe, wasunsu sun yi ɗorawa tun ba a je ko'ina ba, har bayan rasuwarsa a 1946 sai da aka kai wa wani babban mai hoto, Edward Steichen, ya yi musu magani.

Ɗan Fagge:

Na gode Baba, na gode Yaya. Gaskiyarki, a ruwan burtsatsen gidanmu na ɗauraye shi kafin in sa a ruwan sitirik asid, haka na ga wani ya yi. Kuma a watan Disamba na yi gwajin, iska na kaɗawa.

Tambaya ta ƙaru. Takardar Sabon Garin nan ta rage mini da yawa, kuma da tsada na saye ta. Babu yadda za a yi ta yi amfani ko don koyon shafi da gwada lokacin rana? Sannan ferik okzalet ɗina ya kusa wata biyar a ɗaki, ba a firij ba. Yana da sauran rai?

Malamar Kimiyya, Zariya:

Tana da amfani. A cire mata allin ne kawai. Salfamik asid, wanda ake wanke ƙanzon tukunyar dafa ruwa da tayil da shi, giram 100 a lita. Ka jiƙa takardar kamar minti 20, za ka ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikinta, allin ke nan yake narkewa. In kumfa ta tsaya ka wanke sosai ka shanya. Wasu da okzalik asid suke yi, amma shi yana mayar da allin wani gishiri da ba ya narkewa ya zauna a cikin takardar, salfamik kuwa fitar da shi yake yi gaba ɗaya. Masu buga faladiyam a kan takardar zane ta Fabriano Artistico haka suke mata kafin shafi. Sai dai lokacin ranar da ka samu a kanta ba zai zama na Platinum Rag ba. Hannu za ta koya maka, ba lissafi ba.

Ferik okzalet kuma gwajinsa sauƙi ne in za ka samu fotasiyam ferisayanayid a wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. A ɗaki mai ƙarancin haske, ka ɗiga ɗigo ɗaya na naka a cikin ruwansa da aka sirka. In ya yi shuɗi sosai, ya fara lalacewa, zai sa maka hazo a fari ko da wane ruwa ka fitar.

Mai Kyamara, Damagaram:

Salamu alaikum. Malam, wata biyar a zafinmu ba firij, ni ba zan ɗora faladiyam a kansa ba. Ka ce abokinka ya kawo na gari, ba na ruwa ba. Garin yana daɗewa, ba ya da nauyi, ka riƙa haɗa mililita 25 kawai in za ka yi aiki. Yana da taurin narkewa, da ruwan ɗumi da girgizawa yakan ɗauki awoyi, wani lokaci sai ya kwana, kada ka ɗauka ya lalace.

Rana kuma, a nan wajenmu da azahar gilashin yana zafi har ba ya taɓuwa, laimar da ka wahala ka sa wa takarda ta gudu kafin hoto ya nuna. Ni da hantsi nake fitarwa, kuma ina sa leda a bayan takardar a cikin firam don ta riƙe danshinta.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ruwan fitarwa ko kaɗan. Ziatype, wadda Richard Sullivan na Santa Fe a Amurka ya fito da ita, da kuma tsarin Mike Ware da Pradip Malde. Da amoniyam ferik okzalet ake yi, hoto yana fitowa a rana kana kallo, laimar takardar ce ke yin aikin, ita ce kuma ke yanke launi: mai danshi ta ba da baƙi, mai ɗan bushewa ta ba da ruwan ƙasa. Da damina daɗin aiki gare ta. Ba sinadaran da ke hannunka ba ne, don haka ba yanzu ba, amma Platinum Rag ɗin da Baba ya zaɓa maka tana karɓarta in ka so gwadawa wata rana.

Tsohon Mai Hoto, Kaduna:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, maganar yara da guba ta fi tawa nauyi, kuma hazon da kika faɗa na san shi, da damina yake zuwa mini. Ina nan dai a kan cewa katangar Gidan Makama okzalet take so. Amma ɗana, tunda ruwan fitarwa ba shi ne mai tsada ba, ba sai mun yanke maka hukunci da baki ba.

In takarda ta iso, ka zaɓi dodo ɗaya da ya haɗa katanga da farar riga. Ka shafa rabi biyu a zama ɗaya, yawan ɗigo iri ɗaya, laima iri ɗaya. A gefen kowanne, a cikin inda ka shafa magani, ka ɗora kwabo ko guntun baƙin kwali kafin ka kai rana, yadda haske ba zai taɓa wurin ba sam. Ɗaya a okzalet, ɗaya a sodiyam sitiret, tire daban, kwalba daban, kada su haɗu. Ka wanke su yadda Malama ta tsara. In sun bushe sarai, don faladiyam yana ƙara duhu in ya bushe, ka fito da su inuwa da rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ka gwada gurbin kwabon da farin gefen da magani bai taɓa ba. In toka-toka ne, hazo ne, daga ruwan fitarwa ko tsohon ferik okzalet. In ɗorawa ne, wankinka bai kai ba. Wanda launinsa ya kwanta maka kuma gurbinsa ya fita fari, a kansa za ka daidaita dodonka.

Abin da abokinka zai riƙo: takardar, garin ferik okzalet, EDTA iri biyun nan, garin fotasiyam okzalet rabin kilo, da 'yar kwalbar Tween 20, wadda ɗigo ɗaya nata da aka sirka yake taimaka wa magani shiga takarda da hunturu. Sitirik asid, sodiyam sitiret, salfayit da tataccen ruwa duk za ka samu a Kano. Ma'aunin laima na ɗaki ma ana sayarwa wajen masu kayan ƙyanƙyasar kaji. Ka rubuta zafi da laima da minti nawa a bayan kowace takarda da fensir kafin ta shiga ruwa, ka turo mana lambobin tare da hoton gurbin kwabon guda biyu.